Rigakafin Fakat, Gumboro da Ƙurajen Kaji: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara da hunturu ya kankama, labarin ɗaya ne a gidajen masu kiwon kaji. Mace ta kwana da kaji ashirin a akurki, kafin mako ya zagayo sai ka tarar biyu ko uku suka rage, su ma suna layi. Waɗannan tambayoyi su ne na fi ji daga bakin masu kiwo, na gida da na gidan gona, kuma na amsa su gwargwadon abin da na sani da abin da na gani da idona.

Wace cuta ce wannan da ke share kaji lokacin sanyi?

Galibi fakat ce, wadda likitocin dabbobi ke kira cutar Niyukasil. Sunan ya samo asali ne daga wani gari na Ingila inda aka gan ta a 1926, shekarar da kuma ta ɓulla a tsibirin Jaba na ƙasar Indunisiya. A Najeriya an fara rubuta labarin ɓarkewarta a wajejen Ibadan a ƙarshen 1952, tun daga nan kuwa ba ta bar mu ba.

Duk wanda ya taɓa ganinta ba ya mantawa. Kaza za ta koma gefe ta takure, fukafukanta su zubo ƙasa kamar ta yafa babbar riga, ta rufe ido tana gyangyaɗi. Kashinta ya zama ruwa-ruwa, kore ko fari da kore. Wata tana buɗe baki tana jan numfashi da ƙyar, kana jin kurari a maƙogwaronta. Wadda ta daɗe ba ta mutu ba sai wuyanta ya murɗe, kanta ya juye sama, ta riƙa zagaye wuri ɗaya. Masu ƙwai kuwa sai su yanke ƙwan, ko su saka shi da ɓawo mai laushi. Daga shigar ƙwayar cutar jikin kaza zuwa bayyanar alamu yakan ɗauki kwana 5 zuwa 6, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci har mako biyu. A garken da ba a taɓa yi wa rigakafi ba, tana iya kashe su kaf.

Tana nan duk shekara, amma ta fi tsanani daga Nuwamba zuwa Maris. Sanyi yana sa ƙwayar ta daɗe ba ta mutu ba, ƙura tana galabaitar da hanyar numfashin kaji, sannan lokaci ne da ake yawan safarar kaji daga kasuwa zuwa kasuwa.

Ba ta da magani ne? Ni dai ina jiƙa musu maɗaci da barkono, wani lokaci in buɗe musu kafso a ruwa.

Ba ta da magani, Hajiya. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, shi kuwa kafso mai ja da rawaya, da duk sauran magungunan antibayotik, ƙwayoyin bakteriya suke kashewa, ba su da tasiri a kan bairos ko kaɗan. Maɗaci da barkono da gautan kaji iyayenmu sun daɗe suna amfani da su, ba kuma na raina ƙoƙarinsu, domin abin da ke hannunsu ke nan. Amma in aka lura da kyau, gidan da ya jiƙa da gidan da bai jiƙa ba duk asara ɗaya suke yi idan fakat mai zafi ta shigo. Kazar da ta tsira, jikinta ne ya yi nasara, sai a jingina wa jiƙon.

Idan likita ya rubuta antibayotik ga kaji masu fakat, yana yi ne don kada wata cutar ta samu ƙofa ta ƙara musu nauyi, ba don ya kashe fakat ɗin ba.

To mene ne ainihin abin da ke cikin kwalbar rigakafin?

Wannan ita ce tambayar da nake so kowa ya riƙe amsarta, domin kusan duk kuskuren da ake yi daga nan yake tasowa. Abin da ke cikin kwalbar Lasota ko I-2, waɗanda rigakafin fakat ne, ko kwalbar rigakafin Gumboro, cutar 'yan tsaki, ƙwayar cuta ce mai rai, amma mai rauni, wadda ba ta da ƙarfin kashe kaza. Idan ta shiga jiki, sai jikin ya yaƙe ta, ya gane kamanninta, ya tanadi makamansa. Ranar da ta gaske ta zo, sai ta tarar ana jiran ta.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na farko, tunda abu ne mai rai, yana mutuwa. Zafi yana kashe shi, hasken rana yana kashe shi, sabulu da kulorin da ke cikin ruwan famfo suna kashe shi. Kuma idan ya mutu kamanninsa ba sa canzawa, garin rigakafin yana nan a gindin kwalba yadda yake. Na biyu, jiki yana buƙatar lokaci, kamar mako ɗaya zuwa biyu, kafin kariyar ta kafu. Don haka lafiyayyar kaza ake yi wa rigakafi, tun cutar tana nesa.

Kajina sun fara mutuwa jiya. In sayo rigakafi in ba su yau?

Kada ka ba wadda ta riga ta kamu, ba zai warkar da ita ba, yana ma iya ƙara mata wahala. Waɗanda kake gani garau a cikin garken ma wataƙila ƙwayar tana jikinsu tun kwana uku da suka wuce. In ka ba su suka mutu, sai ka ce rigakafi ne ya kashe su, maƙwabta su ji su ma su guje shi. Akwai yanayin da likitan dabbobi kan yanke shawarar yi wa ɗakunan da cutar ba ta kai ba rigakafin gaggawa a babbar gona, amma wannan hukuncinsa ne bayan ya duba.

Abin yi yau shi ne ka ware marasa lafiya, ka binne matattu a rami mai zurfi ko ka ƙone su, kada ka jefar a bola karnuka su ja zuwa gidan wani. Sannan ina roƙonka da girman Allah, kada ka kwashi ragowar ka kai kasuwa. Na san asara da ciwo, amma kazar da ka sayar ranar kasuwa ita ce za ta share akurkin wata baiwar Allah da ke jiran kuɗin sabulu da na makarantar yara daga kajinta.

Wane rigakafi ya dace da kajin gida masu yawo a tsakar gida?

I-2 shi ne aka yi domin irinsu. Masana a Jami'ar Kwinsland ta ƙasar Ostareliya ne suka samar da shi, aka kuma ba ƙasashe masu tasowa irinsa kyauta domin su riƙa haɗawa da kansu. A Najeriya Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin sa tare da Lasota da Komarof, wanda shi ma na fakat ne, da na Gumboro da na ƙuraje. Fifikonsa shi ne ya fi sauran jure zafi, don haka yana iya kaiwa ƙauyen da babu wuta. Amma jure zafi ba ya nufin a bar shi a rana ko a aljihun riga ana yawo. A ajiye shi a firiji in akwai, in za a yi tafiya a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma a sa a kwando mai shan iska, a bi inuwa.

Ɗigo ɗaya ake yi a ido ɗaya, ko ɗan tsako ne ko ƙaton zakara, duk adadin ɗaya ne. Ana maimaitawa duk wata 3 zuwa 4, saboda kariyar tana raguwa, kuma a tsakani an ƙyanƙyashe sababbin 'yan tsaki da ba su samu ba. Wanda zai tsara shekararsa, ya tabbata zagaye ɗaya ya faɗo a watan Oktoba, kafin iskar hunturu ta taso.

Yaya ake ɗiga shi?

Kajin gida suna da wuyar kamawa da rana, don haka a bar su a rufe tun dare, a yi aikin da sassafe a inuwa. Mutum biyu sun fi: ɗaya ya riƙe kazar a hammatarsa, ya kwantar da kanta gefe ido yana kallon sama, ɗaya ya ɗiga. A riƙe abin ɗigawar a tsaye cak, kada bakinsa ya taɓa idon. Da ɗigon ya sauka za ka ga ya tsaya a kan idon yana ƙyalli, kazar ta ƙifta sau ɗaya ko biyu, sai ya ɓace, ka ga maƙogwaronta ya motsa ta haɗiye. Sai a lokacin za a sake ta. In ta girgiza kai ɗigon ya fantsama kafin ya shige, a ƙara mata wani. Duk wadda aka gama da ita a fitar da ita waje, kada ta koma cikin waɗanda ba a yi wa ba.

Wani ɗan abu da ake mantawa: ɗigon kowane abin ɗigawa da girmansa. Kafin a haɗa, a gwada da ruwa zalla a ƙirga. Idan kwalbar mai cin kaji 100 ce, ruwan da za a zuba ya zama daidai wanda zai ba da ɗigo 100. Ruwan haɗin da ya zo da kwalbar shi ya fi. In babu, a tafasa ruwa mai tsabta a bar shi ya huce sarai.

Ni kajin gidan gona nake kiwo, ɗari biyar. A ruwan sha nake ba su. Me ya kamata in kula da shi?

Hanyar ruwan sha ta fi sauƙi, kuma ita ta fi saurin lalacewa, don haka zan ɗan daɗe a nan.

Tun kwana biyu kafin ranar, ka daina sa duk wani maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwansu. Ka wanke mazuban ruwan da ruwa zalla, ban da omo, ban da sabulu, kuma na roba sun fi na ƙarfe. Ruwan da za ka haɗa ya zama na rijiya mai tsabta ko na burtsatse, mai sanyi, ba wanda ya wuni a tanki rana tana dukansa ba. In ba ka da sai na famfo, ka tara shi a buɗe ya kwana ya wuni domin kulorin ya fice. Ana zuba madarar gari marar maiƙo, kamar giram 2 a kowace lita, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya, a motsa a bar shi minti goma sha biyar kafin a sa rigakafin. Madarar tana kare ƙwayar daga abin da zai kashe ta a cikin ruwan.

Da asuba ka janye musu ruwa na awa ɗaya zuwa biyu don su ji ƙishi. A watannin Maris da Afrilu kada ka wuce awa ɗaya, zafin bazara ba ya wasa da kaji. Ka buɗe kwalbar a cikin ruwan, ka ɗauraye ta a ciki, ka motsa da abu mai tsabta. Yawan ruwan ya zama wanda za su shanye cikin awa ɗaya zuwa biyu. In ya yi kaɗan, ƙarfafa za su shanye raunana su rasa. In ya yi yawa, ƙwayar za ta mutu a mazubi kafin a sha. Hanyar gane adadin ita ce ka auna abin da suke sha a irin wannan lokaci kwana ɗaya kafin nan.

Ka ƙara yawan mazubai yadda mafi yawansu za su sa baki lokaci guda, sannan kada ka zuba ka tafi. Ka zagaya ɗakin, ka tayar da waɗanda suka laɓe a kusurwa, ka kawo su bakin ruwa. Sai sun shanye tas za ka zuba ruwan yau da kullum.

Wane jadawali zan bi?

Babu jadawali ɗaya da ya dace da kowace gona, kuma duk kamfanin ƙyanƙyasa na kirki yana ba da nasa tare da 'yan tsakin. Amma abin da aka saba bi a gonakinmu bai wuce haka ba: ranar farko a yi allurar rigakafin Marek, cutar da ke shanye ƙafafun kaji, a kamfani da rigakafin fakat mai sauƙi a ido, Gumboro na farko tsakanin kwana 10 da 14, Lasota wajen mako na 3, Gumboro na biyu kamar mako biyu bayan na farko. Kajin nama da za a sayar a mako na 6 zuwa 8 galibi a nan suke tsayawa. Masu ƙwai kuwa ana ci gaba: allurar Komarof wajen mako na 6, na ƙuraje tsakanin mako na 6 da na 10, sai allura mai maiƙo wajen mako na 16 kafin su fara saka. Bayan nan ana maimaita Lasota lokaci-lokaci yadda likitan gonar ya tsara.

Ka tambayi mai sayar maka da 'yan tsaki abin da aka riga aka yi musu, ka rubuta kowace rana a littafi.

Me ya sa Gumboro ke kama kaji ko an yi musu rigakafinsa?

Gumboro sunan wani ƙaramin gari ne a jihar Delawe ta Amurka, inda aka fara gano cutar, aka kuma bayyana ta a rubuce a 1962. Tana kama 'yan tsaki ne musamman tsakanin mako 3 da 6. Za ka ga gashinsu ya tashi, suna rawar jiki, suna fararen zawo mai manne musu a baya, wasu suna tsattsagar bayansu da baki. Mutuwar takan hau da sauri ta sauka cikin kamar mako guda. Babbar ɓarnarta ita ce tana lalata wata 'yar jaka da ke kusa da duburar ɗan tsako, inda jikinsa ke ƙera sojojin kariya. Wanda ya tsira sai ya zama kowace cuta ta same shi, ko an ba shi Lasota ma bai cika kamawa da kyau ba.

Wahalar rigakafinta a lokaci take. Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai da kariyar da ya gada daga uwarsa. In ka ba shi rigakafi da wuri, kariyar uwar za ta kashe ƙwayar rigakafin, ka yi aikin banza. In ka makara, kariyar uwar ta ƙare, cutar ta riga ka. Shi ya sa ake ba da shi sau biyu, don wanda na farko ya kuskure na biyu ya same shi. Ga shi kuma ƙwayar Gumboro tana da taurin rai, tana iya yin watanni a ɗakin da ba a wanke ba. Wanda ya kwashe kaji yau ya zuba sababbin 'yan tsaki jibi a kan tsohon ɓuntu, ya haɗa su da cutar tun kafin ranar rigakafi ta zo. A kwashe ɓuntun, a wanke, a fesa magani, a bar ɗakin ya huta aƙalla mako biyu.

Na yi komai daidai amma suka mutu. Ko rigakafin jabu ne?

Kafin a ce jabu, a tambayi inda kwalbar ta kwana. Ana ajiye waɗannan rigakafi ne a sanyin digiri 2 zuwa 8, tun daga inda aka yi su har zuwa hannunka. Ni kaina na taɓa shiga wani shago sayen Lasota, yaron shagon ya buɗe firiji ya miƙo min kwalba, na ji ta da ɗumi a tafin hannuna. Na leƙa ciki, ruwan ƙanƙarar da ta narke ya kwanta a ƙasa, takardun jikin kwalaben sun jiƙe sun fara saɓulewa. Na tambaye shi yaushe rabonsu da wuta, ya ce kwana uku, injin kuma ya lalace. Bai yi nufin cuta ta ba, bai san abin da yake sayarwa ya riga ya mutu ba. Na mayar masa na fita, amma a gabana wani dattijo ya sayi biyu ya sa a aljihu ya hau babur. Na yi masa magana, ya ce haka ya saba saye. Har yau abin yana damuna.

Don haka ka saya inda ka tabbata firijinsu ba ya mutuwa, ka duba ranar ƙarewar aiki, ka je da filas ko kula da ƙanƙara, kuma sayen rigakafi ya zama aikinka na ƙarshe a kasuwa, daga nan sai gida.

In sanyi bai samu matsala ba, a duba kajin kansu. Masu tsutsar ciki, masu kashin jini, masu cin abincin da ya yi fumfuna, da waɗanda aka cunkushe a ɗaki mai zafi, jikinsu ba ya amsa rigakafi yadda ya kamata. Wasu kuma suna raba kwalbar kaji 200 ga kaji 400 don tsimi, kowace ta samu rabin abin da ba zai ishe ta ba. Wani lokaci ma cutar da ta kashe su ba ita aka yi wa rigakafi ba. A kai gawa biyu ko uku sababbi asibitin dabbobi a buɗe a gani.

Ragowar da na haɗa, zan iya sa shi a firiji sai wani satin?

A'a. Lasota da Gumboro da aka haɗa da ruwa, bayan awa biyu sun tashi aiki. I-2 ya fi su daɗewa, amma abin da ya fi aminci a ƙarar da shi a ranar, ko a bi abin da aka rubuta a takardarsa. Ragowar da kwalaben a ƙone su ko a binne. Idan kajinki goma ne kwalbar kuma ta ɗari ce, ki haɗa kai da maƙwabta ku yi karo-karo ku yi rana ɗaya. Kuɗin ya ragu, kuma tunda kajin unguwa tare suke kiwo a bola ɗaya, kariyar tasu kariyar taki ce.

Ƙurajen da ke fitowa a fuska da zanko fa?

Wannan wata bairos ce daban, sauro ne ya fi yaɗa ta, shi ya sa ta fi yawa da damina da bayanta. Mai fitowa a fata ba ta cika kisa ba sai in ta rufe ido kaza ta kasa ganin abinci. Mai fitowa cikin baki da maƙogwaro ita ce mai haɗari. Rigakafinta ba a sha, ba a ɗigawa a ido. Allura ce mai baki biyu da ake tsomawa a huda fatar fiffike, a kauce wa jijiya da ƙashi. Bayan kwana 7 zuwa 10 a ɗaga fiffiken a duba: ɗan kumburi ko ɓawo a wurin hudar shi ne shaidar ya kama. Sau ɗaya yakan wadatar.

Zabi da talotalo da agwagi da tattabaru, su ma a yi musu?

Zabi da talotalo suna kamuwa da fakat, a haɗa da su ranar rigakafi. Tattabaru ma suna da irin tasu mai murɗe wuya. Agwagwa kuwa takan ɗauki ƙwayar ba ta nuna komai ba, tana yawo tana zubar da ita a kashi, don haka raba makwancinsu da na kaji ya fi. Duk tsuntsun da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta, a ware shi mako biyu kafin ya shiga cikin na gida.

Za a iya cin nama da ƙwan kazar da aka yi wa rigakafi? Mutum yana kamuwa?

Na ido da na ruwan sha ba sa hana cin nama ko ƙwai. Allura mai maiƙo ce ke da kwanakin jira kafin yanka, an kuma rubuta su a jikin kwalba. Ƙwayar fakat ba ta yi wa mutum illa mai tsanani, sai dai in ta shiga ido takan sa shi ja da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki, don haka a wanke hannu bayan aiki kafin a taɓa fuska. Wanda kuwa ya soki yatsarsa da allura mai maiƙo, ya tafi asibiti nan take da kwalbar a hannu, kada ya jira ya ga ko zai kumbura.

Rigakafin fakat yana kare kaji daga murar tsuntsaye?

Ba ya karewa, cuta biyu ne daban, duk da cewa da ido kaɗai ko likita yana iya kasa raba su sai an gwada a ɗakin bincike. An fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka ne a watan Fabrairun 2006, a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, a cikin watan kuma aka tabbatar da ita a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Ta sake dawowa Najeriya da ƙarfi a 2015 da 2021. Bambancinta da fakat shi ne tana iya kama mutum har ta kashe, kamar yadda ya faru da wata mata a Legas a farkon 2007. Tsarin da gwamnatin Najeriya ta daɗe a kai shi ne kashe garken da ya kamu da tsabtace gonar, ba rigakafi ba, saboda haka kada ka sayi wata kwalba a bayan fage da sunan rigakafin murar tsuntsaye.

Idan kaji da aka yi wa rigakafin fakat yadda ya kamata suka fara zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, fuska ta kumbura, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafafu suka yi ja kamar jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, to kada a yanka, kada a fige, kada a bar yara su taɓa. A rufe ɗakin, a hana shiga da fita, a sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha a ranar.